Baba Andrawus da Kwanonin Fitilar Madakiya

Ranar Talata, 14 ga Yuni, 1994, Allah ya yi wa Baba Andrawus Bature rasuwa a gidansa da ke Kafanchan, bayan jinyar mako uku. Ni Nuru Isiyaku, shekara bakwai muka yi da shi a shago ɗaya.

Baba, da ka bar aikin reluwe, ka same ni ina zuba faiba, wato roba mai zaren gilashi a ciki. Kai ka koya mini yi mata rufin tagulla da farin ƙarfe har ta riƙa ƙyalli kamar madubi. Amma ƙyalli bai taɓa ruɗar ka ba. Kowane aiki sai ka tsattsaga rufin da reza, ka manna salatif ka fizge, ka lanƙwasa, ka tsoma a tafasasshen ruwa sannan a na randa. Abin da ya jure, shi ke fita.

Ba zan manta da kwanonin fitila goma sha biyu, masu mayar da haske ƙasa, da muka yi wa wani ƙaramin asibiti a Madakiya ba. Sista Regina, ungozomar wurin, tana tsaye da mota tana jira, ka fizge salatif a kwano na ƙarshe, sai ɗan ɓawon ƙarfe ya biyo shi, da kaɗan ya fi ƙwayar acca. Ka ce ko ɗaya ba zai fita ba. Na fusata, na ce wa zai lura da wannan?

Ka ce, "Nuru, fitilar nan bisa kan mace mai haihuwa za a rataya ta. In zafi ya ɓare rufin, ina zai faɗi?"

Kwana biyu ban gaishe ka ba. Kai kuwa ka zauna kana kankare su ɗaya bayan ɗaya, har ka gano ni na gaggauta wanke maiƙo kafin rufi. Ba ka tona ni ba. Ka ce wa Sista aikinmu ne bai yi ba, ta ƙara mana mako guda. Fitilun na nan suna aiki har yau.

Ban taɓa ba ka haƙuri ba, kullum ina cewa sai wata rana. Ranar ba ta zo ba. Baba, ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Mama Afiniki, da 'ya'yansa Samson da Milka, da dukan dangi. Allah ya ji ƙansa, ya ba shi hutu, ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.