Agogon Da Ya Tsayar Da Mu A Hanyar Dapaong

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da tafiyar da na yi daga Sokode zuwa Dapaong da wani kwali a kan cinyata.

A shekarun da ƙasar ta rikice da yajin aiki da zanga-zanga ne. Yayata da mijinta sun gudo daga Lome zuwa Dapaong wurin danginsa, suka aiko mana cewa 'yarsu mai shekara shida ta daina magana tun ranar da aka yi harbi a layinsu. Mahaifinmu mai gyaran agogo ne a zangon Sokode. Da ya ji, kasuwa a rufe take, sai ya ɗauko katakon akwatin shayi ya fara ƙera wa jikarsa gidan 'yartsana mai ɗaki uku.

Gidan bai ba shi wuya ba, agogunan bango ne suka ci masa mako biyu. Biyu daga murfin kwalbar lemo ya yi su, ya bubbuge su suka miƙe, ya yanko hannuwa daga gwangwanin madara. Ni da nake zanen lalle, ni ya ba ado. Da gashin kaza guda ɗaya nake tsoma fenti, ina rubuta lambobi ina riƙe numfashi, ina zagaye gefen da ɗigon ja da ruwan zinariya. In na karkace sai ya ce, "Goge ki sake. Yarinya ce, amma tana da ido."

Na ukun kuwa na falo ne. Ya buɗe agogon hannu na marigayiya mahaifiyarmu, ya ciro cikinsa, ya sassaƙa masa gida dogo da bai wuce ɗan yatsana ba. Na tsaya ina kallon tsohon nan, ɗan madubinsa maƙale a ido, yana ɗaga wata waya mai sirin gashi. Hannunsa da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi ko motsi bai yi ba. Can sai na ji ƙas, ƙas, ƙas.

Da hanya ta ɗan buɗe na shiga mota. Bayan mun wuce Mango da azahar, sojoji suka tsayar da mu, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Direba ya kashe inji, wurin ya yi tsit. Wani matashin soja ya sunkuyo kan kwalina, da ya ji ƙas, ƙas a ciki sai ya yi tsalle baya yana ihu da Faransanci wai bam ne. Nan take fasinjoji suka watse cikin ciyawa, bindigogi uku suka juyo kaina.

"Agogo ne!" na ce. "Wallahi kayan wasan yara ne!"

Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Madam, kai buɗe da hannunka. Sannu sannu."

Igiyar kwalin ta ƙi kwancewa. Ina salati na cije ta da haƙori, na ɗaga murfin, na janye zanen da na rufa.

Ya matso taku ɗaya, ya ƙara ɗaya. Sai na ga ya saƙala bindigarsa a baya ya durƙusa a kan kwalta. Ya leƙa falon, ya dubi agogon hannunsa, ya sake leƙawa.

"Shi na tafiya daidai," ya ce a hankali. "Wa ya yi?"

"Babana."

Ya yafito sauran. Ƙarti huɗu suka haɗa kai a bakin wani falo da bai kai tafin hannu biyu ba. Matashin da ya yi ihu ya miƙa yatsa, babban ya buge masa hannu. Fasinjoji suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, su ma suna leƙe. Da kansa ya mayar da zanen, ya ɗaure kwalin, ya ce wa direba in ya kuskura ya faɗa rami da mu, zai ji labari.

Na isa Dapaong da la'asar. Yarinyar ta rame, tana maƙale da zanen uwarta. Na ajiye gidan a tabarma na koma gefe. Ta daɗe tana kallo kafin ta rarrafo, ta kwanta rub da ciki, ta kara kunnenta a jikin falon. Har aka kira magariba ba ta ɗago ba. Sai muka ji wata 'yar murya a dishe.

"Inna, in ya tsaya fa?"

Yayata ta toshe baki da mayafi ta fice. Ni kuwa na kama yatsunta biyu na ɗora a kan ɗan maɓallin agogon, na nuna mata yadda ake murɗawa kowace safiya.

Tun daga ranar ban ƙara raina aiki don ƙanƙantarsa ba. Abin da mutum ya zauna ya yi da haƙuri saboda wani, ko a tsakiyar tashin hankali yana isa inda aka aike shi.