Ajin da Ake Rufe Ƙofa Ranar Alhamis

Har gobe ba zan manta da Alhamis ɗin da aka tura ni wata firamare a wajen Kiyawa ba. Lokacin ina mai duba makarantu a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Aikinmu shi ne idan ƙorafi ya zo, mu je ba sanarwa, mu gani, mu rubuta rahoto. Rahoton nan kuwa yana iya rufe aji.

Mai ƙorafin wani makiyayi ne, Malam Jauro. 'Yarsa Hauwa'u tana ajin yara masu buƙata ta musamman, waɗanda magana da cuɗanya ke yi musu wuya. Ya ce Malama Rabi, mai ajin, tana kiran matarsa duk Alhamis, ta rufe ƙofa, wai wasan kwaikwayo suke yi. Matar kuma ta ƙi faɗa masa komai. Ya rantse idan bai gane ba, zai mayar da yarinyar ruga wajen kakarta.

Ni ma abin bai kwanta mini ba. Na sha ganin masu ɗaukar irin yaran nan a waya suna neman tallafi da su. Da na isa na tarar har taga an rufe da zani, sai na ce a raina, to, ga ta nan!

Na tura ƙofar ba sallama. Ba waya, ba baƙo. Yara na zaune a tabarma, wata mata da ƙwarya a ka tana zagayawa.

"Nono! Nono! Hauwa'u, za ki saya?"

Yarinyar tana kallon bango, tana murza gefen hijabinta. Can ta ce, "Na nawa ne?"

Matar ta juyo ta gan ni. Wallahi saura kaɗan ƙwaryar ta faɗi. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malama Rabi ta fito da ni waje, ranta a ɓace. "Yallaɓai, ko sallama babu?"

"Me kuke ɓoyewa?" na ce.

Ta ce Hauwa'u ba ta amsa kowa sai an kira sunanta, an kuma yi mata magana iri ɗaya kullum. Ga shi ita ce 'yar fari, kuma kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara da shekaru uwar na cewa "ke", yarinyar ba ta waiwayowa. A cikin wasa kuwa ba uwa ba ce, mai tallar nono ce, bakinta na iya furta sunan. Ƙofar don kunyar uwar ake rufe ta.

Ina shirin hawa babur sai uwar ta biyo ni, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Ranka ya daɗe, don Allah kada ka rubuta na kira sunanta. Surukata za ta ji."

Ban rubuta ba. Malam Jauro kuwa na ce masa ya zo da kansa wata Alhamis, ya tsaya bayan taga, kada ya shiga. Ya zo. Da ya ji muryar 'yarsa tana neman ragi, sai ya zauna a ƙasa. Yarinyar ba ta koma ruga ba.

Ku masu tasowa a wannan aiki, har yanzu ina zargin rufaffiyar ƙofa a makaranta, ku ma ku yi zargi, aikinmu ke nan. Amma ku tambayi wa aka rufe wa ita kafin ku ɗauki biro. Kuma ku yi sallama. Tun ranar nan ban sake tura ƙofar aji ba sai an amsa mini.