Tsamiya a Ruwan Zartsi

Jiya jikata ta jiƙa tsamiya. Ƙamshin ya iske ni har ɗaki, na ajiye carbi.

In ba ka zauna Jidda a wancan zamani ba, ba ka san bazara ba. Ɗan sanyin da ake samu yana wucewa sai iskar kudu ta taso, ga ɗumi ga danshi. Jiki ya mutu. Ka kwana ka tashi kamar an yi maka duka.

Muna kudancin gari, a ɗakin katako da kwano: ni, Baba, da Kaka mahaifiyarsa. Uwata ta rasu tun muna Sudan. Baba dako yake yi a tashar jiragen ruwa. A waccan bazara sau biyu yana faɗuwa da buhu a bayansa. Shugaban 'yan dako ya ce in ya yi ta uku, halas, aiki ya ƙare. Iƙamarmu kuwa, wato takardar zama a ƙasar, a jikin aikin nan take. In ba aiki ba takarda, sai jirgi ya mai da mu.

Maganin kasala a wurin Kaka ɗaya ne: tsamiya, dabino, citta da ɗan zoɓo, a jiƙa da yamma a tace da asuba. Tsamiyar da wasu alhazai suka kawo mata saura dunƙule ɗaya.

Randa biyu gare mu. Ɗaya ta ruwan sha, ɗaya ta ruwan rijiya mai zartsi, na wanki da wanke-wanke. Kaka ta ce in jiƙa. Shekarata tara, ni ma kasalar ta kama ni. Wadda ke kusa da hannuna na ɗiba.

Da asuba ta tace, ta ɗanɗana. Ta dube ni, ta dubi randar. Ashe ta zartsin na ɗiba.

Baba na ƙofa yana ɗaura rawani. “Inna, a ba ni, yalla, zan makara.”

Babu wata tsamiyar. Ta miƙa masa ƙwaryar. Ya shanye a tsaye, ya yamutsa fuska, ya fita.

“Ke 'yar nan,” in ji ta, “in cikinsa ya ɓaci a ƙarƙashin buhu, ki fara ɗaure tabarmarki.”

Ba ta doke ni ba. Da ma dukan ta yi. Ranar ba a hura wuta ba. Kwano ya yi zafi a kanmu, muna zaune. Duk takun da ya doso ƙofa sai na ga kamar ɗauko shi aka yi.

Bayan la'asar ya shigo da ƙafarsa. Rigarsa ta yi fari fat da gishirin gumi. Ya zauna ya cire takalmi.

“Inna, me kika sa a jiƙon yau? Ko jiri ban ji ba. Gobe a ƙara.”

Kaka ta ce, “Tambayi likitar gidan, ga ta can tana ɓoya bayan randa.”

Washegari ta bi maƙwabta ta samo tsamiya. Da ruwan sha ta jiƙa, ta barbaɗa gishiri da hannunta. Bai sake faɗuwa ba. Ko gishirin ne, ko kwana ne ya rage mana a garin, Allah ya sani.

Yanzu ruwa a famfo yake, sanyi kuma daga inji a bango. Jikokina suna kwance ƙarƙashinsa suna kukan gajiya da Larabci. Jiya da yarinyar ta juya baya na jefa gishiri a jiƙonta. Ta sha, ta ce ya lalace.