Tsakuwoyin da Ke Kwanon Habu

Shekara shida ke nan da mota ta kife da ƙanena Habu a hanyar Gadau. Har yau in na bi ta gaban shagonsa a Azare sai in kawar da kai. Yanzu cajin waya ake yi a ciki.

A shagon nan yake koya wa yara rubuta manhajar kwamfuta, ko wuta babu balle kwamfutar da za ta ishe su. Sai ya kwashi kwanukan Inna guda huɗu, ya rubuta wa kowanne suna da fenti. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Abin da masu sana'ar ke kira bariyabul shi mazubi yake ce masa: sunan na nan daram, abin ciki ne ke canzawa. Kuma kowane mazubi da irin kayansa. Na "suna" takarda mai rubutu. Na "tsawo" ruwa, don tsawo yakan zo da rabi da kwata. Na "ya zo?" murfi ne kawai, a buɗe ko a rufe, eh ko a'a. Na "shekaru" tsakuwa, tunda ba a raba tsakuwa biyu. Shekarunsa ya zuba a ciki, duk shekara yana ƙara ɗaya. Wanda ya tsiyaya ruwa a kwanon tsakuwa kuwa ranar zai sha surutu.

Ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Ɗalibansa sun watse, wani na acaɓa, wata ta bi iyayenta da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Bauchi. Yaran yanzu waya suke sawa ta rubuta musu komai, in ta yi kuskure sai su zuba mata ido. Habu zai ce gini ne ba tushe. Ni dai takaici nake ji.

Kwanukan na ɗauke na kulle a ɗakina, na hana kowa taɓawa. Na "shekaru" yana nan da talatin da ɗaya.

A watan jiya 'yarsa Fa'iza, wadda ya bari tana da shekara takwas, ta fara koyon abin a makaranta. Ta zo ta durƙusa.

"Baffa, a ba ni kwanukan Abba in gwada."

Na ce ta ɗauki uku, na tsakuwa kada ta taɓa.

"Ai Abba cewa yake mazubin da ba a canza abin cikinsa ya tashi daga aiki."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ga cewa shekara shida ina gadin tsakuwa, koyarwar kuwa a kan yarinyar nan ta tsira.

Da hannuna na juye tsakuwoyin Habu a aljihu. Ta tsinto nata goma sha huɗu a tsakar gida ta zuba. Baɗi in Allah ya kai mu za ta ƙara ɗaya. Na aljihuna kuwa sun gama ƙaruwa. Allah ya jiƙan Habu.