Garin Tattasai a Kan Jakar Iska

Jiya a hanyar Tumur yayana ya kauce wa raƙumi, mota ta daki kututture. Jakar iskar gaba ta buɗe, bum!

Na leƙa daga baya, na ga Kawu Bukar da ke zaune a kujerar gaba ja wur, daga hula har gemu. Na ƙwalla ihu: "Wayyo Kawu, jini!"

Sai da ya gama atishawa ya ce, "Wane jini? Tattasaina ne, 'yar nan!"

Ashe ledar garin tattasan gonarsa ya ɗora daidai kan jakar. Bel ɗin kujera ya riƙe shi, ko ƙwarzane babu. Muna wanke masa ido muna dariya har da hawaye.

Alhamdulillahi gari ne. Da laujensa ya ɗora fa? Ku faɗi gaskiya, me kuke ajiyewa a gaban mota?