Sunan Tsere a Baki Uku

Shekara ashirin da huɗu na yi ina koyar da Ingilishi a gida kafin rabo ya kawo ni Riyadh, inda takardar zamana, wadda a nan ake kira iƙama, ta rubuta ni direba. Ban taɓa jin kunyar haka ba. Tuƙi sana'a ce, kuma na iya ta. Sai dai wanda ya daɗe da riƙe alli, ko ya wanke hannu akan ga alama.

Kamfaninmu a unguwar Ulaya yake, yana ba da hayar motoci tare da direbobi. A shekarar da na haye sittin, iƙamata ta kusa ƙarewa, sai shugaban direbobi, wani Basudane da muke kira Mudir, ya kira ni ofishinsa.

"Ustaz," in ji shi, "masu kamfani sun ce a rage tsofaffi. Amma makon tseren dawaki ya zo, baƙi sun cika gari, ga shi kana da Turanci. Kwana uku za ka yi da su. In ba a kawo ƙararka ba, ina da abin faɗi a kanka. In an kawo, ba ni da baki."

Na ce na ji.

Cikin tseren da ake yi a makon akwai wanda sunansa ya samo asali daga Ingila. Na san sunan tun ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, daga bakin wani Bature da ya koyar da mu. Ya kan tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya mu ce Daabi, da buɗe baki, ba tare da harshe ya taɓa ganɗa ba. Duk wanda ya sa harafin ra a ciki sai ya maimaita sau goma. Ni ban taɓa maimaitawa ba, kuma na daɗe ina alfahari da wannan.

Baƙona na farko likitan dawaki ne daga Ingila, dattijo mai kama da ni a shekaru. Da ya zauna ya ce ranar Daabi za a ɗauke shi da wuri. Na amsa masa da irin lafazinsa. Ya ɗaga kai ya dube ni ta madubi, ya tambayi inda na yi karatu. Muka yi hira har filin tsere.

Rana ta biyu aka ba ni wata Ba'amurkiya mai sayen dawaki. Tana shiga ta ce tana son sanin ƙofar da ake bi ranar Darbi, ta murɗe harshe a kan ra kamar mai tauna ganda. Malamai suna da wata dabara: ba ka ce wa ɗalibi ya yi kuskure, sai dai ka maimaita maganarsa a gyare. Kafin in yi tunani na ce mata ƙofar ranar Daabi tana gabas. Ta sake faɗa yadda ta saba. Na sake amsawa yadda na saba. A karo na uku ta ciro wayarta, ta duƙufa a kanta har ta sauka.

Kafin la'asar Mudir ya buga mini waya. Matar ba ta shigar da ƙara a rubuce ba, amma ta tambaye shi ko hayar direba ta yi ko ta malamin makaranta. Ya ce gobe ita da likitan mota ɗaya za su shiga, kuma motata ce, domin babu wata.

A unguwar Manfuha muna zaune ɗaki ɗaya da wani dattijo mutumin Maraɗi, mai sayar da turare. Na tarar da shi yana dama fura da nonon kanti, na ba shi labari.

"Malam," in ji shi, "tuƙi aka ɗauke ka ko gyaran baki?"

"Alhaji, sunan nan yana da asali. Ni daga bakin masu shi na ji."

"To, ni nan kullum ina ce maka hwari kana cewa fari. Shekara nawa muna tare? Ka taɓa gyara mini?"

"Kai ai ba ka gyaruwa."

"Ita ce mai gyaruwa? Baƙuwarka ce fa. A garinku in baƙo ya yi sallama da irin bakinsu, sai a ce masa ya koma waje ya sake?" Ya miƙo mini kofi. "Sha, Baturen Kano. In an sallame ka, ka zo in koya maka awon turare."

Na karɓi kofin na sha furar.

Ranar tsere na ɗauko su biyun da hantsi. Na ƙudura ba zan ambaci sunan ba ko kaɗan. Amma tun kafin mu bar Ulaya suka soma da kansu. Likita ya ce mutanensa ne suka raɗa sunan, saboda haka su ke da ikon kiransa. Matar ta ce nasu tseren ya fi tara jama'a, kuma babu wanda ya taɓa ɓata hanya don ya ce Darbi. Suna yi suna dariya, irin dariyar da ba ta hana ɗaci. Can sai likita ya taɓa kafaɗata.

"Ga alƙali nan. Direba, faɗa mata gaskiya."

Matar ta zuba mini ido ta madubi. Na san abin da likita yake jira, na kuma san abin da ke kan teburin Mudir. Na ce su yi mini haƙuri, hanya ta cika, sai mun isa.

A bakin fili akwai mai gadi, Balarabe, yana raba motoci. Na sauke gilashi na yi masa sallama, ya tambayi inda muka nufa. Yadda kowane direba a garin nan yake yi, haka na yi: na ce masa Dirbi, da kasra, kamar yadda mutanen gari suke faɗa. Ya ɗaga sanda ya nuna mana layin dama.

"Me ka ce masa?" in ji likita.

Na maimaita.

"Wannan kuma na wace ƙasa ne?"

Na ce, "Na mai ƙofa ne, ranka ya daɗe. A wurinmu in ka je gidan mutum, yadda yake kiran dokinsa haka ake kira."

Matar ta yi dariya har ta dafa kujera. Ta gwada faɗar Dirbi sau biyu, ba ta iya ba. Likita bai yi dariya ba. Da zai sauka ya ce ya ɗauka ni na gefensu ne. Na buɗe masa ƙofa, na ce Allah ya ba da sa'a.

Bayan mako guda Mudir ya miƙo mini iƙamata an sabunta ta shekara ɗaya. Bai ce komai game da matar ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne baɗi ma ni zan ɗauki baƙin tsere, in Allah ya kai mu.

Tun daga ranar ba na fara kiran sunan nan a cikin mota. Na kan jira baƙo ya faɗa, in mayar masa da irin nasa. Na ji shi daga bakin Indiyawa, da mutanen Ostiraliya, da wani Bafaranshe da ya ja ƙarshensa har na zaci waƙa zai yi. Duk na amsa musu. Mai turare kuwa har yau in ya ga na fito da farar rigar aiki sai ya ce, "Malam, yau bakin wa za a ara?" Na kan ce masa sai na ga wanda ya shigo.