Ranar da Gora Ta Yi Harbi

Mu biyu muka dawo garinmu daga yaƙin Bama, ni da Kofur, ɗan wan babana. Shi ya yi harbi, ni kuwa akwatin harsashi na yi ta ɗauka a ka, jakin Turawa sosai. Amma a dandali ni ne mai labari. Shi ko an tambaye shi sai ya ce, "Yaƙin wasu ne, a dajin wasu," ya ja bakinsa.

Shekaru sun ja, har mun tara iyali, sai wani rani aka fita farauta kudu da Doguwa. Yadda ake yi, samari su zagaya su cinna wa ciyawa wuta, masu bindiga su tare inda nama zai ɓullo. Ƙanena yana cikin masu wutar. Ni aka ajiye ni bakin rafi da sandata, kusa da Kofur da harba-ka-rugarsa.

Ba wanda ya tuna rafin nan cike yake da gora. Wuta na kama ta, gaɓoɓinta suka shiga fashewa: tau! tau! tatau!

Ban san sa'ad da na kwanta rub-da-ciki ba. Baki cike da ƙasa, ina salati ina rasa ƙarshensa. Abin da ya sami wandona, ni da mai ɗakina muka sani.

Da na ɗago, sai ga Kofur a durƙushe, bindiga a kafaɗa, idon nan ba nasa ba. Ya auna cikin hayaƙi, inda samarinmu ke tahowa. Na ji tarin ƙanena.

Na ce da Kofur, "Yaya! Yaranmu ne!"

"Kwanta, sakarai," in ji shi. "Abokan gaba suna cikin gora."

Yatsansa na kan kunamar bindiga. In na cafke shi, ta tashi.

Sai na tuna kira ɗaya da ba sojan da ke ƙi. Na zaro kwanon furata daga burgami, na shiga ƙwanƙwasa shi da wuƙa yadda kukunmu na soja ke yi in abinci ya nuna.

"Kofur, an sauke! A jingine bindiga a bi layi!"

A hankali bakin bindigar ya sunkuya ƙasa.

Ƙanena ya faɗo daga hayaƙi riƙe da zomo, yana dariya. "Sojojin Bama, me kuke nema a ƙasa?"

Kofur ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙo mini bindigar. "Ɗauki. Aikinka ne."

A ka na ɗauko ta har gida.